Dibyazar Auta a Bayan Iyaka

A gidanmu na unguwar Zahir a Makka, tun kafin a fara zancen ganin wata, ƙamshin dibyazar Umma ne yake sanar da mu Sallah ta matso. Ga wanda bai taɓa zama a Makka ba, dibyaza wani fate ne mai zaƙi da ake yi da busasshen mishmish, wani ɗan itace mai ɗan tsami, a zuba masa ɓaure da zabibi da busasshen dabino da loz, mai kama da gyaɗa, da aka soya a man shanu, a rufe shi ya kwana uku yana haɗa kansa, sannan a ci da burodi da safen Ƙaramar Sallah bayan an dawo daga Harami. Kowane gida a garin nan yana cewa nasa ya fi. Duk ƙarya suke yi, namu ne ya fi. Tukunyar da Umma take yi a ciki kuwa, na taɓa faɗawa cikinta ina yaro, sai da aka kwana biyu ana nemana. Umma ta ce ƙafa ɗaya ce kawai ta shiga, kuma nan take aka ciro ni. Ni dai yadda na faɗa haka na tuna.

Ni direba ne. Lokacin aikin Hajji ina jan babbar mota tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, in yi tafiyar da kunkuru zai yi kafin azahar, ni sai magariba. Sauran watanni ina ɗaukar fasinja tsakanin Jidda da Makka da ƙaramar motata. Saboda haka mu ba mu san Babbar Sallah ba. Ranar da duniya take yanka rago, mu muna cikin cunkoso muna rantsuwa ga alhazai cewa saura kaɗan a isa. Ƙaramar Sallah ce tamu, ita kaɗai, shi ya sa Umma ba ta ɗaukar uzurin kowa a ranar. Kakanmu da ƙafa ya taso daga Kano ya shigo garin nan, a nan aka haifi babanmu, a nan aka binne shi, kuma Umma ta ce mutumin da kakansa ya taka sahara bai isa ya ce mata hanya ta yi nisa ba.

Mutum ɗaya ne ya isa, autanmu. Na girme shi da shekara goma sha huɗu, a wuyana ya yi wayo. Shi Allah ya ba shi kai, ni ya ba ni baki. Ya tafi karatu wata ƙasar Turai mai sanyin da in ka yi tari sai ya faɗi ƙasa ya fashe, ya gama, ya samu aiki, ya auri 'yar can. Da farko yana zuwa kowace Sallah, daga baya ya koma tsallake ɗaya, daga nan sai waya. Duk shekara Umma tana ɗibar masa dibyaza a wata kwalba mai jan murfi, ta sa a firiji, ta hana kowa taɓawa har ta yi gashi a zubar. Ni na sha roƙon a ba ni gadon kwalbar nan tun mai ita yana raye, aka ƙi.

Wata rana cikin hunturu, bayan la'asar, ina zaune a mota a Jidda babu fasinja, na kira shi ta waya mai hoto don in rage lokaci. Sai na ga bayansa wata bishiya tsaye a tsakiyar falo, an rataya mata fitilu har ta fi motar amarya ado.

Na ce, "Auta, bishiya ce ta tsiro muku a ɗaki ko rufin ne ya tafi?"

Ya ce suna gidan surukinsa, ranar Kirsimeti ce. Kafin ya rufe baki wani tsoho mai jan hanci ya leƙo cikin wayar, da hular takarda a kansa, yana ɗaga mini hannu. Shi ne surukin. Auta ya zama tafinta.

Na ce, "Ka gaya masa barka da sallarsu. Ka ce masa Annabi Isa, alaihissalam, mu ma namu ne, ba ma yarda a taɓa shi."

Auta ya faɗa masa. Tsohon ya yi dariya, ya yi wata doguwar magana. Na ga auta yana sosa ƙeya.

"Ya ce ya gode. Amma ya ce shi bai yarda da ko ɗaya ba."

"Ko ɗaya a me?"

"A addinin. Bai yarda Isa ɗan Allah ba ne, bai ma yarda akwai Allah ba."

Na yi a'uziyya a hankali, na ce, "To a rabin farko mun haɗu da shi, a rabi na biyu ne ya zarce tasha. Ba Kirista ba ne?"

"Iyayensa ne Kiristoci."

"Bishiyar fa? Hular fa? Wa yake yi wa?"

Tsohon ya ja kujera ya zauna, da alama an sha yi masa tambayar kuma yana jin daɗinta. Abin da auta ya juyo mini shi ne, a ƙasarsu a wannan watan rana tana faɗuwa tun mutum bai gama abincin rana ba, duhu da sanyi su rufe gari, kuma tun kafin coci ta zo mutane suna kunna wuta su taru su ci abinci don kada zuciya ta mutu. Coci ta zo ta tarar da bikin, ta raɗa masa suna. Ya ce akwai abin da yake riƙe da coci a rai, tsoratar da shi da aka yi da wuta yana ɗan shekara shida har ya daina barci, wannan bai yafe ba. Amma labarin mace mai naƙuda da ta rasa masauki har ta haihu a garken dabbobi, ya ce yana son labarin nan, kuma a ganinsa ko bai faru ba ya isa ya sa mutum ya buɗe wa baƙo ƙofa. Sau ɗaya a shekara yake zuwa coci, a jajiberen wannan rana, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, saboda a kujerar nan uwarsa ta yi waƙa, a nan matarsa ta yi kafin ta rasu.

Na ce, "Limamin nasu ya sani?"

"Ya sani. Yana tsayawa a bakin ƙofa ya ba shi hannu ya ce, ga kafirinmu ya iso."

Na yi dariya har na danna hon ba da niyya ba. Na ce, "Ka gaya masa shi ɗan cin biki ne. Bai san ango ba, bai san amarya ba, farantinsa ya fi na kowa tudu."

Tsohon ya yi dariya har hular ta faɗi. Ya ce haka ne, amma masu bikin sun san shi, su ne ma suke ajiye masa kujera.

Na so tsohon nan, ba zan ɓoye ba. Na ji tausayinsa kuma na so shi. Ina cikin shirya yadda zan ba direbobin tasha labarin, in ƙara masa bishiya biyu da raƙumi, sai na ga auta ya tashi da wayar ya shiga kicin ya rufe ƙofa. Mu da shi Larabci muke yi kullum, Hausa sai da Umma. Ranar da Hausa ya yi mini magana.

Ya ce, "Yaya, ni ma inda tsohon nan yake, nan nake. Na daɗe. Shi ya sa ba na zuwa."

Shekara hamsin da ɗoriya ina da amsar kowace magana. An taɓa tsayar da ni a hanya na ba ɗan sanda dariya har ya manta abin da na yi. Ranar na laluba ko'ina ban samu komai ba. Wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambayar Makka, na ce masa motar ta lalace.

Watannin da suka biyo baya na yi abin da na iya. Na tura masa wa'azi, na tura masa karatun limaman Harami, na tura masa hoton kabarin babanmu, wanda ba shi da alama, ƙasa ce kawai da duwatsu, ban ma tabbata nasa ba ne. Na yi masa faɗa, na yi kuka sau ɗaya, na ce masa sanyi ne ya daskarar masa da ƙwaƙwalwa, ya dawo rana ta narkar da ita. Duk ya saurara, bai taɓa zagin abin da nake girmamawa ba. Sai ya ce, "Yaya, ba da gangan na yi ba. Na nema ban samu ba." Ban gaya wa kowa ba, har matata. A nan irin wannan magana ba a ajiye ta a ƙasa, don ba ka san wanda zai tsince ta ba. Na ci gaba da ba da dariya a tasha, in na zo sujada in daɗe har na bayana su ɗauka barci na yi.

Idon Umma kuma ya ci gaba da tafiya. Ta kai ba ta gane mu sai da murya, ni kuwa tana gane ni tun daga bakin layi. A tsakiyar Sha'aban ta sa na kira mata auta, ta karɓi wayar ta kanga a kunne duk da mai hoto ce, shi yana kallon cikin kunnenta.

Ta ce, "Bana ba zan sa a kwalba ba. A ɗakina za ka ci, da hannuna. In kana da wata magana ka riƙe ta."

Ya ce, "To, Umma."

Da muka keɓe ya ce mini ya yi tunani. Zai yi yadda surukinsa yake yi. Zai zo, ya sa farar riga, ya bi mu Harami, ya tsaya inda muka tsaya, ya sumbaci kan Umma, ya ci, ya koma bayan kwana biyu. Takardarsa ta ce Musulmi ne, sunansa ma ya faɗa. Na ce madalla, na ce wannan shi ne hankali, na ce ƙila ma in ya ga Ka'aba abin ya dawo masa kamar yadda mota take tashi in an tura ta a gangare. Na ajiye wayar ina murna.

Murnar ba ta kai sallar isha'i ba. Duk wanda ya biyo hanyar Jidda ya san allon nan da ke gaban shingen Shumaisi. Musulmi su miƙe, wanda ba Musulmi ba ya karya dama, ya bi hanyar da take zagaye gari ta baya. Mu direbobi muna ce mata ɗarikul hawajat, hanyar Turawa. Na wuce allon nan sau dubu ɗari, ko sau miliyan, ban taɓa karanta shi ba, kamar yadda mutum ba ya karanta sunan unguwarsu. Yanzu sai ya zama kullum in na zo wucewa da ni yake magana.

Cikin azumi na tari wani malami da nake ɗauka zuwa Jidda lokaci lokaci, dattijo mai sanyin hali. Na ce ina da tambaya amma ba tawa ba ce, ta wani abokin abokina ce da ke zaune can wajen Ɗa'ifa. Na tsara masa labarin, na canza ƙasar, na mai da autan ɗan kawu.

Ya ce, "Hukuncin garin nan ka san shi, ba sai na faɗa maka ba."

Na ce na sani.

Ya ce, "Kuma mu da zahiri aka umarce mu. Mai tsaron shinge takarda yake dubawa, ba a ba shi aikin tona zuciya ba. Babu laifi a kansa."

Na ji sanyi, na ce, "To shi ke nan."

Ya ce, "Mai shinge ke nan. Shi abokin abokin naka da kunnensa ya ji."

"To ya zai yi, Malam? Uwar ta tsufa."

Ya ce, "Ya yawaita addu'a. Kuma ka rage gudu, abokin abokinka yana neman kashe mu."

Ranar ashirin da tara ga azumi, bayan azahar, na ɗauko auta a filin jirgi. Ya yi furfura a gefen kunne, abin da ban ba shi izini ba. Na rungume shi na ce ya rame kamar sandar rake da aka tsotse, ya ce ni kuma na cinye rabonsa. Yana riƙe da gorar ruwa da aka ba shi a jirgi, bai buɗe ba. Kafin ya shiga mota ya ajiye ta a kan wani benci.

A hanya na yi ta zuba. Na ba shi labarin wanda ya mutu, da wanda ya yi aure, da wanda ya kamata ya mutu amma ya yi aure. Na gaya masa an rushe tsohuwar kasuwar da muke sayen tsire, an yi bene mai tsawon da in ka hau sama kana hango Kano. Yana dariya irin dariyarsa ta yaro, yana buga gwiwa. Ya ciro wani gyale mai laushi da matarsa ta saƙa wa Umma ya nuna mini, da wata 'yar kwalbar zuma daga surukinsa. Ya tambaye ni ko har yanzu Umma tana yin waina kusa da dibyaza, na ce tana yi, Kano a hagu, Hijaz a dama, ciki ya raba gardama.

Tun daga Jidda na yanke shawara zan miƙe. Na faɗa wa kaina uwa ce, na faɗa wa kaina Allah ya fi ni sanin komai. Na ma shiga layin hagu don kada in yi wata shawara. Da allon ya fara bayyana sai labarin da nake bayarwa ya tsaya a tsakiya. Ban san lokacin da na kunna sigina ba. Na tsallaka layi uku, wata babbar mota ta yi mini hon da har yau yana kunnena, na karya dama.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa a hanyar Turawa. Babu komai a wajen sai baƙaƙen duwatsu da tankokin mai. Na samu wuri na tsaya. Na kashe motar.

Auta ya ce, "Ba komai, Yaya."

Na ce, "Da komai."

"Na san zai yi maka wuya. Da ban gaya maka ba."

"Da ba ka gaya mini ba da yanzu muna Zahir kana shan zagina." Na share fuska. "Surukinka da yake shiga cocinsu, an san shi, an ajiye masa kujera. Kai wa ya ajiye maka?"

Ya ce, "Umma."

"Umma ba ta sani ba."

Ya ce in na ga dama ya sauka ya tari wata motar, direban da bai san komai ba zai shigar da shi cikin rabin sa'a, ni babu ruwana. Gaskiya ya faɗa, hanya ce mai sauƙi. Na ce to ya sauka. Ya kama murfin ƙofa, ya zauna a haka. Can ya saki murfin ya ce, "In na shiga ta bayanka, gobe da wane ido za mu zauna a faranti ɗaya?"

Wani abokina direba yana da 'yar istiraha a Bahra, irin gidan hutun nan da iyalai suke kamawa su yini, a wajen iyaka. Yana kiranta gona. Bishiyar dabino ɗaya ce a ciki, ita ma ta gaji, sai wurin wanka da ba ruwa, da ɗaki ɗaya mai na'urar sanyi da take kuka kamar akuya. Can na kai auta. Daga nan na kira Umma, na ce zazzaɓi ya kama shi a jirgi, irin mai yaɗuwa, likita ya ce kada ya shiga cikin yara. Ni da na saba ƙara gishiri a kowane zance, ranar ƙaryar tawa ta fito ƙarama, a rame, ba ta da ko ƙafar tsayawa.

Umma ta ce, "Wane likita?"

Na ce, "Na jirgi."

Ta ce, "To," ta kashe.

Aka ga wata. Da safe na tura ta a keken guragu zuwa Harami kamar kowace shekara, cikin kabbarori da farare da yara masu sabon takalmi. Muka dawo gida, an shimfiɗa ledar cin abinci daga wannan bango zuwa wancan, 'yan'uwana mata sun fara tambaya ina auta, wace istiraha, mu tafi gaba ɗaya mana. Kafin in buɗe baki Umma ta ce zazzaɓi ne mai yaɗuwa, likita ya hana, babu wanda zai bi ta sai direbanta. Ta faɗi ƙaryata fiye da yadda na faɗe ta, har ni na kusa yarda. Ta sa aka ɗibi dibyaza a ƙaramar tukunya, aka naɗe waina a tawul, aka ɗora mata a cinya. Ta hana a sa a bayan mota.

Auta yana tsaye a ƙofar istiraha cikin farar rigar da ya zo da ita don Harami. Ya durƙusa ya sumbaci kanta da hannunta. Ta shafa fuskarsa tun daga gashi har haɓa, ta tsaya a goshi, ta ɗora tafin hannu ta daɗe.

Ta ce, "Zazzaɓin ya sauka."

Ya ce, "Ya sauka, Umma."

Muka zauna a ƙasa a ɗakin nan mai kukan akuya. Ta gutsuri burodi, ta dangwala, ta laluba bakinsa ta sa masa, kamar ba mutum mai furfura ba. Ya ci yana hawaye, tana cewa ya daina, gishiri zai ɓata mata zaƙi. Ni ma na miƙa baki, ta ce in kai shi can, na ci rabon shekara shida a tsaye. Ya yafa mata gyalen, ta shinshina, ta ce matar tasa tana da hannu. Ya ba ta zumar, ya ce daga surukinsa. Ta tambaya wane irin mutum ne. Na karɓe zancen na ba ta labarin bishiya a falo da hular takarda, na ƙara raƙumin da na daɗe ina ajiye da shi, na tsallake abin da ya kamata a tsallake. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce a ɗibar wa tsohon dibyaza a kai masa, mutumin da ya ciyar da ɗanta ranar sallarsu ba za a bar shi haka ba.

Azahar ta yi, wayata ta yi kiran salla. Na ɗauko ruwa na taimaka wa Umma ta yi alwala, na shimfiɗa darduma. Auta ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya zo zai tsaya a gefena. Ni na rasa inda zan sa idona.

Umma ta ce, "Auta."

"Na'am, Umma."

"Kai zauna ka tsare mini tukunyar nan. Ƙudan wurin nan ba su da kunya."

Babu ƙuda ko ɗaya a ɗakin. Ya koma ya zauna, ya ɗora hannu a kan murfin. Na ja salla, Umma tana bayana a zaune, na yi Fatiha muryata tana karyewa kamar ta yaron da ya fara balaga.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida ni da ita. Auta zai kwana a can, washegari in mai da shi filin jirgi. Muka wuce shinge, muka shiga ƙarƙashin babbar ƙofar nan ta shiga Makka da ke kan titi. Ba ta gani, amma ta san wurin, kullum a nan take fara addu'ar shiga gari. Ranar ba ta fara ba.

Ta ce, "Shi ya ƙi shigowa ko kai ka juya mota?"

Na so in ce taya ce ta fashe. Na so in ce wani abu da zai sa ta yi dariya. Na ce, "Ni ne."

Ta gyara tukunyar a cinyarta. Ta ce, "Ban ce ka yi daidai ba. Ban ce ka yi kuskure ba. Ni ba malama ba ce." Muka wuce fitila ɗaya, muka wuce ta biyu. "Amma a ɗakina na ce. A ɗakin nan na haife shi, ungozoma ba ta ma iso ba. Can wurin akuyar ba ɗakina ba ne."

Na ce, "Na sani, Umma."

"Baɗi ka kawo mini shi gida."

"Umma, ta yaya?"

Ta ce, "Kai ne direba."

Tun ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Auta ya aiko da hoton tsohon yana cin dibyaza da cokali, ya ɓata gemu, wai ya ce in ana irin wannan a coci da kullum zai je. Na nuna wa Umma hoton duk da ba ta gani, na kwatanta mata, ta ce a gaya masa da burodi ake ci.

Ina bin hanyar Jidda kusan kullum. Na gwada wuce allon ina kallon gefe, na gwada wucewa ina waya, na gwada ƙirga yadda zai kasance in auta yana barci a kujerar baya kuma ni ban lura mun iso ba. Na sake ɗaukar malamin nan sau biyu, ya tambaye ni lafiyar abokin abokina, na ce yana nan yadda yake. Ya ce Allah ya kawo mafita, na ce amin.

Yanzu Sha'aban ya raba. Shekaranjiya Umma ta aike ni kasuwa in sayo mishmish da ɓaure da loz, ta ce in ƙaro a kan na bara. Da na dawo na tarar ta sa an fito da kwalbar nan mai jan murfi, ta ba jikarta ta zuba maɓallai a ciki. Na tsaya a ƙofar kicin da ledoji a hannu, ta ji numfashina ta ce in ajiye a nan, in je in kira mata auta ya faɗi ranar da jirginsa zai sauka.